Akwatin Adireshin Cynthia

…kuma ai ja kawai ta yi. Ja da saki. Akwati ɗaya a allon kwamfuta, daga hagu zuwa dama, abin da Raliya take yi sau goma a wuni tun da aka ɗauke ta kula da shafin ma'aikata na kwalejin nan — wa zai shiga, wa zai ga me, me za a ɓoye wa wa. Shekara huɗu ba a taɓa cewa ta yi kuskure ba… to wa zai ce? Wa ya san abin da ake yi a ɗan ɗakin nan in ba ita ba?

Fanka tana juyi. Goma saura, safiyar Litinin. Shayin da ta haɗa ya huce tun ɗazu.

Alhamis ɗin da ta wuce. Oga David tsaye a kanta, yana nuna allon kwamfuta da makullin motarsa: shafin nan ya yi muni, baƙi za su zo daga Abuja, a haɗa hoto da lambar waya da sashe da adireshi wuri guda, kamar katin shaida. To, Oga. Ta ja akwatin adireshi ta ajiye ƙarƙashin hoto. Gargaɗi ya fito, launin ruwan ɗorawa — wannan akwati zai ɗauki izinin sabon shafi, duk ma'aikata za su gani, an amince? Ta karanta? Ta karanta mana. Ido ya karanta. Hankali yana Kasuwar Jalingo, wurin mai kifi, kada a kwashe masu kyau kafin ta isa…

Ta danna.

Saboda kifi. Innalillahi.

Cynthia, ma'aikaciyar laburare. Watan Maris ta shigo nan, ta tura ƙofa da kanta, ta cire tabarau — idon hagu kamar an shafa shuni. Ta gudu daga gidan miji, ta kama ɗaki a unguwar Barade ita da 'yarta, ko a coci ba a sani ba. Amma ofis ya ce dole adireshi ya shiga fayil. “Sista Raliya, ka taimake ni, ka rufe shi. Ɗan'uwan mijina yana nan, John na sashen motoci. In ya gani, na mutu.” A gabanta Raliya ta kulle akwatin. Mutum biyu kaɗai ke da izini, ita da magatakarda. Har ta juya mata allon: duba, ko Oga ba zai gani ba. Kuma ta ji daɗi ranar — a faɗi gaskiya — daɗin a ce wata ta damƙa ranta a hannunta.

Ga rajistar shiga nan a buɗe. Kwamfuta ba ta mantuwa, ba ta kara. Juma'a, sha ɗaya da minti shida, John ya buɗe shafin Cynthia. Sha ɗaya da tara, ya sake. Biyu da rabi, ya sake — kwafa yake yi? A takarda? A tafin hannu? Ita tana ina lokacin? Nan. Kan kujerar nan, tana zaɓen launin kan shafi, shuɗi ko kore, wanne Oga zai fi so…

Asabar da rana tsaka mijin ya je Barade. Ya ɓalle ƙofa. Maƙwabta sun janye shi, amma sai da ya karya mata hannu. Yarinyar tana ƙarƙashin gado tana ji.

Amma John ne ya duba. Mijin ne ya daka. Oga ne ya ce a haɗa. Su ma waɗanda suka ƙera manhajar — don me izini zai bi shafi, bai bi akwati ba? Wane irin tsari ne wannan, a ce…

A'a. A'a, Raliya. An tambaye ki. Ɓaro-ɓaro aka tambaye ki.

Takwas da 'yan mintuna yau Cynthia ta bugo, murya kamar daga cikin rijiya. Da ma zagi ta kira yi! Da ma! “Beatrice ne, na sani. Ita kaɗai ta taɓa raka ni gida. Na gaya wa Fasto, na gaya wa 'yan sanda. Kai kaɗai ban yi shakka ba, Sista.”

Beatrice. Abokiyar aikin Cynthia a laburare, wadda ta ɗora mata katifa a keke ranar gudun, ta riƙe da hannu ɗaya har Barade. Ga ta can ta wuce ta taga, ido jawur, ta gaida masu gadi ba wanda ya amsa. Labari ya riga ta isowa.

Ita kuma Raliya me ta ce a waya? Sannu. Allah ya sawwaƙe. Allah ya tona asirin wanda ya yi — ta faɗi haka? Da bakinta? Ta faɗa. Cikinta ya riga ya sani tun kafin Cynthia ta kai ƙarshen magana, amma bakin bai tsaya ba…

Ofishin Oga taku ashirin ne. Baƙi sai sha ɗaya. Ta shiga ta ce ni ce — sai me? Takardar kora. Kallon mutane. Hannun Cynthia ya koma yadda yake? Ba zai koma ba. To amfanin me… Rajistar ita kaɗai ke buɗe ta, bayan kwana casa'in kuma tana goge kanta. Ba sai ta taɓa komai ba. Ta zauna kawai. Wata uku, Beatrice tana ɗauke da kayan wani a ka, ita tana gyara launi.

Layin ƙarshe na rajistar. Sunanta ne. Takwas da minti sha ɗaya, Raliya ta mayar da izini, ta kulle akwatin adireshi. Wayar ta nuna kiran ya ƙare takwas da tara. Minti biyu. Kare Cynthia ta yi, ko kanta? Daga wa, tunda mijin ya riga ya je?

A'a, ba Oga ba. Cynthia tukuna. Ido da ido, ta zage ta, ta tofa mata, duk abin da ta ga dama. Jaka. Mayafi. Makulli — ina makullin — ga shi. Ta kama hannun ƙofa.

Wane asibiti?

Ta tsaya. Na gwamnati? Na kuɗi? A cikin gari ma take? Matar ta yi minti bakwai tana kuka a kunnenta, ita kuwa hannunta yana kan kwamfuta, yana neman hanyar kulle akwati…

Ba ta tambaya ba. Ko tambaya ba ta yi ba.