Kuskuren Umma

Babanmu ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci, mutumin da ko ana cin abinci sai ya gyara maka magana. Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta tafi da bakinsa. Likita ya ce in bai riƙa ƙoƙarin magana tun yanzu ba, to harshen ya tafi ke nan. Shi kuwa Baba, zuciya! Aka kawo masa katuna masu hoton ƙwallo da mage, ya ture su da hannunsa mai lafiya, ya juya fuska bango. Na lallasa, na yi kuka, har faɗa na yi masa, Allah ya yafe mini. Ko uffan.

Ran nan na dawo daga aiki na tarar Umma ta jingina tsohon allonsa da kujera, daidai saitin gadonsa, ta zaunar da yarana biyu a ƙasa. Umma fa! Matar da Turancinta bai wuce na karanta kwalin magani ba.

"Yau aikatau na Turanci za mu yi," in ji ta, tana gyara zaman tabarau. "Akwai mai nuna aiki, akwai mai nuna hali, akwai mai taimakon ɗan'uwansa. Kun ga jump, wato tsalle? Hali ne wannan, babu motsi a cikinsa."

Na buɗe baki, ta watso mini harara, na ja bakina na tsuke.

"Know kuma, wato sani, aiki ne, da ƙafa ake yin sa. Shi ko can na Turanci, wato iyawa, ba ya taimakon kowa."

Yaran suka maimaita iya ƙarfinsu. Gado ya yi ƙara. Na saci kallo, sai na ga Baba ya juyo, ido jajir, leɓe na rawa. Umma ko a jikinta, sai ma ta ƙara murya.

"Ku riƙe da kyau, haka kakanku yake koya wa ɗalibansa."

"Ƙa... ƙarya!"

Wallahi sai da jakata ta suɓuce. Muryar a karkace ta fito, amma tasa ce.

Umma ko waiwayowa ba ta yi ba. "To Malam, in ƙarya ne sai ka gyara mana."

Ya daɗe yana kokawa da harshensa, gumi na keto masa, kafin ya ce, "Jump... aiki."

Daga baya na same ta a kicin tana share hawaye da gefen mayafi. Ban taɓa jin girmanta ya cika mini ido kamar ranar ba.

"Umma, wai ina kika samo wannan kwamacalar?"

"Tun watan jiya nake zuwa wajen malamar yaran nan tana koya mini."

"Ita ta koya miki haka?"

"Ke ma dai! In ban san daidai ba, yaya zan tabbatar na yi kuskure?" Ta face hanci. "Miƙo mini alli, gobe da safe akwai wasu da zan ɓata masa."