Ragon da Si Larbi Ya Yanka a Ƙofata

Mu uku muka haɗa hannu muka sayi jirgin. Kada ka ji an ce jirgin sama ka zaci wani abin a zo a gani ne. Tsohon ɗan jirgi ne mai kujera biyu, ya girme ni, in ya tashi sai ka rantse injin niƙa aka kunna. Shamuwa muke ce mata saboda dogayen ƙafafunta. Ni Bushaib, mai koya wa mutane tuƙin mota a garin Barshid, sai da na sayar da 'yar gonar zaitun da na gada wajen uwata kafin na samu shiga. Na biyu Dakta Jilali, likitan dabbobi, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Na uku Si Larbi mai sayar da tayil, wanda ya fi mu abin hannu, kuma bai taɓa barin mu manta da hakan ba.

Ƙa'idarmu ɗaya ce, nuba. Yadda manoma suke raba ruwan rafi, kowa da ranarsa, haka muka raba Lahadi: wannan tawa, mai zuwa ta Dakta, ta bayanta ta Si Larbi. Duk wanda tushensa ƙauye ne ya san ana zubar da jini a kan nuba. Si Larbi kuwa ɗan birni ne, da ruwan famfo ya girma.

Shekarar da fari ya yi tsanani, ruwan dam ya ja baya har ƙauyen mahaifina ya fito. Ina goye aka tashi mutanen ƙauyen aka cika wurin da ruwan dam. Wani masunci ya zo da labarin ya ga hasumiyar masallaci da katangun gidaje a tsaye. Mota ba ta zuwa, laka ce har ƙugu, ga shi Ba Mbarak, mahaifina, ko masallacin unguwa sai an riƙe shi.

Ya kira ni ya ce, "Kai, wannan asarar mai fukafuki da ka sayar da zaitun ɗin uwarka dominta, tana iya bi ta kan ƙauyenmu?"

"Tana iya, Ba."

"To ashe ba duka ka haukace ba. Ka kai ni in ga ƙofar gidanmu. Kabarin uwata yana bayan masallaci, ban yi mata sallama ba."

Ranar nubata ya sa aka yi masa aski, ya ɗauko farar jallabiyarsa ta Idi, ya shafa turare kamar mai zuwa neman aure. Muka isa filin jirgi, rumfa wayam. Mai gadi ya ce Si Larbi ya tashi tun da safe da wani baƙo, sun tafi bakin teku cin kifi. Muka zauna a inuwar rumfa. Ko babur ya wuce a titi sai Ba ya ɗaga kai ya duba sama. Sai da rana ta yi ja Shamuwa ta sauka, Si Larbi ya fito yana sakace haƙori.

"Haba Si Bushaib, ka ɗaure fuska kamar an yi mutuwa? Babban mai saye ne ya zo mini. Ka ɗauki tawa Lahadin, shi ke nan. Dam ɗin ƙafa gare shi da zai gudu?" Ya sunkuya ya sumbaci kan mahaifina. "Haj, ka yi haƙuri. Laka ce kawai a can, ba abin gani."

Mahaifina ya kaɗe ƙurar jallabiyarsa, ya miƙo mini hannu in tashe shi.

Cikin makon nan hadari ya haɗu, aka yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba mai iya tashi. Gari duka ana murna, ni kaɗai nake kallon sama da baƙin ciki. Kafin ta washe, ruwa ya shanye hasumiyar. Ba bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Si Larbi ya zo ta'aziyya da curin sukari, ya ci kuskus har da ƙari. Na karɓi sukarinsa na yi godiya. Ban yi faɗa ba, ban sayar da kasona ba, har Zuhur matata take yabona wai na yafe. Ban yafe ba, ajiyewa na yi. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ni dutsena na ɗora a wuta na zauna.

Ana nan, ciwon sukari ya kama Si Larbi, likita ya ƙi sabunta masa takardar tuƙi. Shiga jirgi yana iya, amma sai da matuƙi a gefensa. Ga shi ya riga ya cika Barshid da baki cewa ranar bikin 'yarsa Gita, da la'asar, lokacin da dangin ango za su shigo da kaya, zai zo ta sama ya yi wa taro ruwan furen wardi. Har surukansa na birnin Fas, masu kallon mutum ta kan hanci, sun ji labari. Dakta Jilali ya tafi Umra. Saura ni. Ya aiko, na ce aiki ya yi mini yawa. Ya zo da kansa, na ce bayana ke ciwo.

Wata safiya ihun Zuhur ya fito da ni. Jini ne malale a dokin ƙofarmu, rago yana shure-shure, Si Larbi tsaye ba takalmi da wuƙa a hannu, maƙwabta sun leƙo ta tagogi.

"Ar a kanka, Si Bushaib! Ar a kanka da 'ya'yanka! Ka tashi da ni ranar bikin 'yata!"

Wanda aka yanka wa dabba a ƙofa aka ce masa ar, an ɗaure shi. In ya ƙi abin da aka roƙa, masifa ta bi shi har 'ya'yansa. Malamai sun ce ba addini ba ne, amma ban taɓa ganin wanda ya tsallake jinin ya tafi harkarsa ba. Wato ɗan birnin da bai san nuba ba, da ta matse shi ya tuna da al'adar ƙauye.

Zuhur ta damƙi hannuna. "Wallahi in ka ƙi, yau zan kwashe yarana in tafi gidanmu. Ba za ka ja mana bala'i a kan gwangwanin jirgi ba."

Na ce, "Si Larbi, maimaita abin da kake so, maƙwabta su ji."

"Ka tashi da ni ranar bikin 'yata!"

"Iyakarsa ke nan?"

"Iyakarsa ke nan, ɗan'uwana."

"Na karɓa."

Da ɗan ƙauye ne, da ya san ar kamar ɗaurin akuya yake, inda ka bar igiya sako-sako nan take zamewa.

Ranar biki ya zo cikin farar jallabiya, yana ƙamshi, da katon kwandon furen wardi a cinyarsa. Muka tashi lafiya. Gari yana hannun dama, ni kuwa na karkata Shamuwa hagu, na miƙe kudu.

"Ina za mu? Ga Barshid can!"

"Na gan ta."

"Zagayawa za ka yi saboda iska?"

Na ƙara wa Shamuwa wuta. Gonakin alkama suka yi ta wucewa a ƙarƙashinmu, sannan duwatsu, sannan ruwa, shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Na sauko ƙasa-ƙasa na fara zagaye.

"Si Larbi, idonka bai mutu ba tukuna. Nemo mini ƙofar gidanmu."

Ya dube ni, ya dubi ruwan, na ga lokacin da abin ya faɗo masa.

"Ka ji tsoron Allah, Bushaib. La'asar ta yi. Mutane suna kan soro suna jira."

"Haba, ka ɗaure fuska kamar an yi mutuwa? Soron ƙafa gare shi da zai gudu?"

"Na yanka maka rago! Ar yana kanka!"

"Ragon ya ce in tashi da kai ranar bikin 'yarka. Yau ba bikin ba ne? Ko a ƙasa kake? Maƙwabtana duk shaida ne."

Ya zage ni, ya zagi ƙauyenmu, ya ce zai kai ni ƙara. Daga baya ya koma roƙo, ya ce in ɗauki kasonsa na jirgin kyauta. Ya kai hannu ga sandar tuƙi, na ce, "Taɓa, mu je mu gaida kakata tare." Ya janye. Ni dai zagaye nake, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji har cikin ƙashina.

Sai ya ce a hankali, "Gita ta saka farin kaya tun azahar. Duk ƙarar da ta ji sai ta ɗaga kai."

Wannan ta same ni, don na san wannan ɗaga kan. Yarinyar ba ta yi mini komai ba. Hannuna har ya fara karkata arewa, sai na tuna yadda Ba ya kaɗe ƙurar jallabiyarsa a bakin rumfa. Na mayar da hannuna inda yake.

Da rana ta yi ja na ce, "Buɗe taga. Masallacin yana nan wajen, kabarin yana bayansa. Watsa."

"Furen 'yata ne."

"Man da ya rage na komawa fili ne kawai. Ko ka watsa a nan, ko ka shiga gaban surukanka rungume da kwando."

Ya buɗe tagar. Iska ta fizge furen, suka bazu a kan ruwan, ja a kan baƙi, suna juyawa a hankali. Na yi wa kakata sallamar da Ba bai samu ya yi ba, na karanta Fatiha da ƙarfi. Si Larbi yana kuka, ban sani ba ko na takaici ne ko na wani abu, ban kuma tambaya ba.

Da muka sauka ya tsaya riƙe da kwandon da ba komai ciki, ya ce, "Me zan ce musu?"

Na rufe ƙofar rumfa na sa kwaɗo. "Ka ce su yi haƙuri. Ka ɗauki tawa Lahadin."