Tsumma a Ramukan Gaɓar Rafi

"Kaka, tunda ka toshe musu ƙofa, ta ina 'ya'yan za su ci abinci?"

Neda, 'yar shekara biyar, ta jefo tambayar ana tsakiyar shan miyar wake. Cokali ya tsaya cak a hannun uwarta Velichka. Ta dubi surukinta Stoycho, shi kuwa ya duƙufa yankan burodi.

"Wace ƙofa, Baba?"

"Ramukan tsuntsayen nan na gaɓar rafi. Na cusa musu tsumma da safe. Ƙudan zumana suke cinyewa." Ya harari jikarsa. "Ke kuma sarkin tsegumi, ci abincinki."

Ran Velichka ya ɓaci. Mako shida ke nan kullum tana kai Neda gaɓar, su kwanta cikin ciyawa daga nesa suna kallon tsuntsayen nan masu rawayar wuya. Da idonta ta ga sun haƙa ramukan da baki da ƙafa. Tun shekaranjiya kuma suka fara shiga da ƙwari a baki, su fito ba komai. An ƙyanƙyashe ke nan.

"Baba, ka taɓa zama ka kalle su? Mazari da rina suka fi ɗaukowa. Na koya wa yarinyar nan ko tari kada ta yi kusa da su, sai ga kakanta da tsumma!"

"To, malamar tsuntsaye, zumar da kuke lasa daga sama take faɗowa?"

"Ka matsar da amyar bayan gonar inabi mana. Ni zan tura maka amalanken."

Ba ta jira amsa ba. Ta ciro wayar ƙarfe daga shinge, ta ja hannun Neda, suka nufi rafi cikin zafin azahar. Suka tarar iyayen tsuntsayen na ta shawagi suna kuka, ƙwari a baki. Ta lanƙwasa wayar, ta yi ta zaƙulo guntayen tsohon wandon Stoycho, rami bayan rami. Sannan suka koma cikin ciyawa suka yi lamo.

An jima tsuntsu ɗaya ya faɗa raminsa, saura suka bi. Ramuka biyu na ƙarshen gaɓa kuwa, iyayen sun leƙa sun fito da ƙwarinsu a baki.

"Mama, waɗancan sun ƙoshi ne?"

Velichka ta jawo ta jikinta; 'ya'yan ramukan nan biyu sun riga sun mutu.

Kai mai karatu, in ka ga ramin tsuntsu an toshe, kada ka ce sai gobe. Cire tsumman nan take, ka ja da baya. 'Ya'yan ba sa kai gobe.