Garin Shikorin Griet

Tun da Baba ya raba mana gonar kaji, ni da ƙanwata Griet, a wurina yake karya kumallo. Da safe zai tako kekensa ya zo, mu sha kofi da burodi da cuku, mu zagaya ɗakin kaji muna tsince matattu. A sana'armu, wanda ya shiga kajin wani ba ya shiga na wani a ranar, kada ya kwashi cuta ya kai. Dole Baba ya zaɓi ɗaya, kuma ni ya zaɓa. Duk ƙauyen sun sani.

Sai Griet ta tsiro da iyayi. Wai garin saiwar wani tsiro, shikori, take zuba wa kajinta a abinci.

"Ba magani ba ne, Yaya Lieven," in ji ta. "Ƙwayoyin kirki na cikin hanji yake ciyarwa, su yi yawa, su hana miyagun wurin zama."

"Sannu likita! Gobe kuma sai ki dafa musu shayi."

Baba ma ya yi dariya, na ji daɗi har raina.

Da sanyi ya shigo, cutar hanji ta faɗa wa kajin yankinmu. Nawa suka kama zawo, suka takure, kullum baro nake cikawa da matattu. Na Griet kuwa ƴan kaɗan suka faɗi, sauran sai ci suke kamar ba a yi komai ba. Likitan dabbobi ya hana kowa shiga wurina, Baba ya koma wajenta.

Na wanke ɗakin, na yi feshi, na zuba sababbin ƴan tsaki. Shiru, Baba bai dawo ba. Ran Lahadi a teburin Inna ba shi da zance sai kajin Griet: ƙirjinsu, ƙafarsu, har kashinsu yabawa yake! Mutumin da bai taɓa ce min sannu da aiki ba. Kishi nake da ita, ba na ɓoyewa.

Na tafi can wani gari inda ba a san ni ba, na sayo garin shikorin, na shiga zuba wa kajina. Kajin suka tashi sumul. Ban gaya wa kowa ba, sai leƙen hanya nake ta taga.

Wata safiya sai ga keken. Na yi maza na ɗora kofi, na yanko cuku mai kauri. Muka shiga ɗakin kajin, Baba ya damƙi abincinsu ya shinshina, ya gyaɗa kai.

"Baba, ka dawo ke nan?"

"A'a, yau kawai. Griet ce ta ji ka sayi garin, ta ce in zo in duba ko ka iya gaurayawa."