Rulmar Rachidatu

Daga Lyon zuwa Paris Rachidatu ba ta sauke jakarta daga cinya ba. Gonaki na wucewa ta tagar jirgi, ita kuwa hankalinta na can sama, inda roka ke ratsa gajimare da aikin hannunta a cikinsa.

A jakar akwai rulma guda, wato zoben ƙarfe mai ƙananan ƙwallaye, irin na ƙafar keke. Shekara uku ta yi tana tsara ta don famfon da ke tura ruwan oksijin cikin injin roka. A wannan ruwa mai tsananin sanyi ɗigon mai kaɗai kan tayar da wuta, shi ya sa aka wanke ta tas, aka liƙe ta a leda biyu. Gobe za a gwada ta, kuma wanda ya rasa ranar gwajinsa sai baɗi.

Da ta wuce wurin gwajin kai tsaye da shi ke nan. Amma mahaifinta, Malam Ilya, tsohon mai gyaran keke a Maraɗi, ya zo Bobigny, kusa da Paris, aikin ido, kuma ta ƙagu ya san abin da ya riƙe ta a ƙasar mutane. Da ta isa gidan da ya sauka, ta ɗora masa ledar a tafin hannu, ta tafi yin la'asar.

Mutumin da idonsa ke naɗe da bandeji, da me zai duba abu in ba da yatsu ba? Da ta dawo, ledar na ƙasa a yage, kwalbar man keken ɗinkin matar gidan na gefensa. Yana juya rulmar kusa da kunnensa a hankali, yana murmushi.

Ya ce ya ji ta a bushe tana kuka, ya yi mamakin Nasara da duk iliminsu su manta da mai. "Saurara, ɗiyata. Yanzu za ta kai ki duk inda kike so."

Man ya riga ya shiga ko'ina, ba wankin da zai fitar da shi kafin gobe. Ta so ta yi kuka, ta kuma ji tausayinsa, don tun zuwansa ba wanda ya ba shi abin gyara.

Ta durƙusa ta kara kunnenta kusa da nasa. Rulmar na juyawa shiru.

"Ta gyaru, Baba," in ji ta. "Riƙe min ita, zan ɗan fita in yi waya wurin aiki."