Abin da Dee Nwokoro Ya Ɗaure Cikin Ayaba

Gawar Dee Nwokoro ba ta gama hucewa ba, magana ta zaga ƙauye: wai asirin da yake cusawa cikin kututturen ayaba a bayan gida ne ya juyo ya cinye shi. An sha ganinsa yana tsagawa, yana tura wani abu, yana ɗaurewa. Dangi suka ce ba za a binne shi ba sai an ƙone lambun ayabar.

Maƙwabciyarsa Daa Ihuoma ita ta koyar da rabin ƙauyen lissafi, kuma "wai" bai taɓa cin maki a ajinta ba. Ta dogara sanda ta tsallaka shinge.

Ta tarar da Okezie, ɗan ƙanin mamacin, riƙe da galan na kananzir, jama'a a bayansa. Oyidiya, matar marigayin, tana bakin madafi, kai a sunkuye.

"Okezie, me ke ciki?"

"Tsafi, Daa."

"Ka gani?"

"Ai kowa ya sani."

"Haka ka ce ranar da ka rubuta mini bakwai sau takwas arba'in. Miƙo addar nan."

"Daa, in wani abu ya same ki fa?"

"Me ya rage bai same ni ba? Miƙo."

Ta yanke igiyar, ta ɓare kututturen. Aka ja da baya. A cikin damshin, ga 'ya'yan namijin goro a jere, kowanne ya fasa, ya turo farar saiwa.

Wani dattijo ya leƙo. "Kai! Namijin goro ba ya tsirowa a hannun mutum. Kurmi ne ke haihuwarsa."

"To, ga kurmin can kwance a ɗaki," in ji Daa Ihuoma. "Ku je ku yi masa wanka."

Sai lokacin Oyidiya ta ɗago. "Tun da masu katako suka share mana dawa, mijina ya rantse jikokinsa ba za su je kasuwa sayen namijin goro ba kafin su tarbi baƙo. Ya hana ni faɗa, kada a yi masa dariya. Jiya, cikin tari, ya ce, 'Sun fito?' Na kasa dubawa, tsoron kada in tarar sun ruɓe."

Okezie ya ajiye galan a hankali.

Da aka rufe kabarin, Oyidiya ta durƙusa wajen kansa, ta tona da yatsa, ta dasa guda. Daa Ihuoma ta riƙe mata butar ruwa.

Tsohon tari ne ya kashe Dee Nwokoro. Abin da ke cikin ayaba iri ne, kuma ya tsiro.