Saiwar Gwandar Daji

Na'ima ta kama farin ɓeran ta wutsiya, ta sake shi cikin doguwar kwalbar da ruwa ya kai wa rabi, sannan ta danna agogon wayarta. Ɓeran ya shiga fafutuka, yana kartar gilashi, yana zagayawa yana neman mafita. Babu mafita, haka aka ƙera kwalbar. Aikinta kawai ta tsaya ta ga lokacin da zai daina.

Kullum kuwa suna dainawa. Sai ka ga ɓera ya saki jiki, ya bar hancinsa kaɗai a saman ruwa, idanunsa a buɗe.

Malama ce a wata makarantar kimiyya a Talata Mafara, kuma wannan gwaji shi ne ƙarshen binciken digirinta na biyu. Wasu ɓerayen ruwa zalla ta ba su, wasu maganin asibiti na ciwon damuwa, wasu kuma ruwan saiwar gwandar daji. Idan masu shan saiwar suka fi daɗewa suna kokawa, to wataƙila akwai wani abu a cikinta. Amma kafin a kai nan sai da ta yi makonni tana sa musu damuwar da hannunta. Yau ta jiƙa musu shimfiɗa, gobe ta hana su abinci, jibi ta karkata kejin ko ta buga musu ƙara ba zato, ta yadda ba za su taɓa sanin abin da ke tafe ba.

Lokacin da ta zaɓi wannan aiki, yayanta Murtala lafiyarsa lau. Daga baya ne 'yan bindiga suka ɗauke shi a gonarsa ta Faru yana cikin noma. Bai dawo ba sai da aka yi girbi. Tun daga nan, duk safiyar da ta zo karkata keji sai ya faɗo mata a rai.

Sallamar Bappa Ishaq, ƙanen mahaifinsu, ta ji daga bakin ƙofar ɗakin gwajin. Ta yi sauri ta tsamo ɓeran ta fito.

"Bappa, ina kwana? Kun zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Ya aiki, ya haƙuri?"

"Mun gode Allah. Ya su Inna, ya mutanen Bakura?"

"Duk suna gaishe ki."

Murtala na tsaye a bayansa cikin rigar da ta yi masa yawa. Ta gaishe shi, ya ɗaga kai kaɗan. Tun da iyalin suka baro Faru suka koma Bakura, wuni yake a zaure bai ce uffan ba.

"Asibiti muka zo," in ji Bappa. "Sun ce likitan sai bayan azahar. Ni zan leƙa kasuwa neman irin albasa, shi kuma ba ya son taro. Ya zauna nan wurinki." Ya rage murya. "Sannan ga saƙon innarku. Ta ce saiwar nan da Taibatu ta ba ki, ki aiko da abin da ya rage a dafa ma yaron ga."

Na'ima ta dubi kabad ɗin da ta ajiye saiwar. Taibatu yayar mahaifiyarsu ce. A Janbako ta yi rayuwarta tana dafa wannan saiwa ga matan da zuciyarsu ta yi nauyi bayan haihuwa ko rashin miji. Ta rasu bara, kuma dajin da take haƙo saiwar yanzu babu mai shigarsa. Abin da ya rage ɗan gari ne a gindin kwalba, daidai wanda zai ishi sauran ɓerayen.

"Bappa, ban san adadin da ya dace da mutum ba. Waɗanda na ba da yawa barci suka yi ta yi kamar matattu."

"Taibatu ba ta taɓa aunawa da sirinji ba."

"Ita ta san hannunta. Ni ban sani ba."

Bappa ya daɗe yana kallonta. "To. Ni dai na isar. Amma ki sani innarku ba ta barci. In kin ce ɓera ya fi cancanta, ke za ki faɗa mata da bakinki."

Ya tafi. Ta jawo wa Murtala kujera can nesa da teburin, ta juya masa ita wajen taga. Tana so ta dakata har su tafi, amma ta riga ta ba wa rukunin safe magani, in lokacinsu ya wuce aikin makonni ya lalace. Ta ɗauko ɓera na gaba.

Ba ta ji tasowarsa ba. Inuwarsa ta gani a jikin gilashin. Yana tsaye dab da kafaɗarta, yana kallon ɓeran yana kokawa, har ya zo ya saki jiki.

"Ya mutu?"

Muryarsa ta dushe don rashin amfani.

"A'a, Yaya. Ya daina ne kawai. In lokaci ya cika zan fitar da shi."

"Ya san za ki fitar da shi?"

"Bai sani ba."

Murtala ya gyaɗa kai kamar ta tabbatar masa da abin da ya daɗe da sani.

"Akwai wani Tukur," ya ce, idonsa na kan ruwan. "Mai gyaran famfo ne, daga wajen Maradun. Sarƙa ɗaya muke, ƙafata da tasa. Duk ya fi mu baki. Shi ke ba mu labari, shi ke cewa gobe za a zo. Kullum gobe. Sai wata safiya ya yi shiru. Ba dukansa aka yi ba, ba ciwo yake ba. In an kawo abinci ya kalla. Idonsa haka, kamar na wannan."

Agogo ya buga. Na'ima ba ta motsa ba.

"Ranar da aka zo kwance mu, na ce Tukur tashi, an zo. Ya dube ni kamar ina yi masa wani yare. Da ransa fa. Suka ce in ba zai yi tafiya ba a bar shi. Muka bar shi a gindin itace." Ya shafa idon sawunsa da ɗaya ƙafar. "Ni har yanzu ina jin nauyinsa a nan. In na tashi zan yi tafiya sai na jira shi ya ɗaga ƙafa."

Ta tsoma hannu ta ciro ɓeran. Ta riƙe shi a hannu ɗaya. Ta dubi jerin kejin, ta tuna kowace safiya da ta shigo ɗakin nan ɓerayen suka ruga lungu da jin takunta. Ta buɗe kabad ta ɗauko 'yar kwalbar garin saiwar, ta ajiye a gabansa.

"Na fasa, Yaya. Ku tafi da shi. Za mu tambayi likita yadda za a yi. Ni ba zan ƙara sa ko ɗaya cikin ruwan nan ba."

Murtala ya ɗauki kwalbar, ya buɗe, ya shinshina. Wani abu kamar murmushi ya gitta a fuskarsa.

"Warin ɗakin Inna Taibatu." Ya rufe. "In na sha ya yi mini, wa zai san shi ne?"

"Ba wanda zai sani."

"In kin gama da su fa?"

"Za a sani. Ko yana yi, ko ba ya yi."

"Gobe in kin je Bakura ki leƙa zaurukan unguwarmu," in ji shi. "Ba ni kaɗai ke zaune ba. Wannan ɗan garin ba zai ishe mu ba." Ya tura mata kwalbar. "Ki gama. Inna ni zan yi mata magana."

Ya miƙo hannu biyu. Sai da ta ɗan jima kafin ta gane abin da yake nufi. Ta ɗora masa tawul, ta sa masa jiƙaƙƙen ɓeran a ciki. Ya naɗe shi a hankali, ya koma kujerarsa, ya riƙe shi a ƙirji yana goge masa baya da ɗan yatsa.

Na'ima ta zubar da ruwan ta zuba sabo. Ta buɗe keji na gaba. Ɓeran ya maƙale a lungu, zuciyarsa na bugawa a tsakanin yatsunta. Ta kawo shi bakin kwalbar ta tsaya. Ta san abin da za ta yi ba ya cikin tsarin gwaji, kuma ba zai canza komai a sakamako ba. Duk da haka ta sunkuya kusa da 'yan kunnuwansa.

"Zan fitar da kai," ta ce.

Sannan ta sake shi cikin ruwan.